Gidaje Masu Ƙafafu a Gaɓar Tekun Fulorida

A arewa maso yammacin jihar Fulorida ta ƙasar Amurka akwai wata doguwar gaɓa mai kallon Tekun Meksiko, inda gidaje ba sa zama a ƙasa. A tsaye suke bisa ƙafafu. In kana tafe a kan babbar hanya mai lamba 98, teku na gefenka, za ka riƙa ganinsu a jere, wasu farare, wasu masu launin sararin sama, kowanne ya ɗaga sama wajen tsayin mutum biyu, har kana hango ruwa ta ƙarƙashinsa. Wurin da muka saba ganin falo, nan motar maigida take a ajiye. Falon kuwa yana can sama, yana fuskantar teku da tagogi masu faɗin bango.

Ƙasar wurin ma abin kallo ce. Rairayin fari ne fat, mai laushi, in ka ja ƙafa a kansa sai ya yi ƙara, kuma komai zafin rana ba ya ƙona tafin ƙafa yadda za ka zata. Ɓarɓashin farin dutse ne da koguna, musamman kogin Apalachicola, suka kwaso daga tsaunukan Appalachia cikin dubban shekaru suka zube a bakin teku. Ruwan kuma kore ne shar a kusa, in ka miƙa ido nesa sai ya rikiɗe ya koma shuɗi.

Kawuna ne ya kai ni, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana aikin likita a jihar Jojiya. Girma ya fara zuwa, 'ya'ya sun bazu garuruwa, jikoki sun fara yawa. Shi da matarsa Hajiya suka yanke shawarar gina gida guda da zai riƙa tara kowa lokacin hutu da Sallah, kuma su tare a ciki idan ya ajiye aiki. Suka sayi fuloti kusa da wani ƙaramin gari mai suna Mexico Beach. Ba ginannen gida suke so ba, so suke a zana musu nasu tun daga tushe. Zuwana ya dace da lokacin zanen, na samu na zauna a gefe ina kallo ina saurare. A zaman nan na gane cewa kyawun da muke gani a hotunan irin waɗannan gidaje shi ne abu na ƙarshe da ake magana a kai. Kafin a zo kan farin fenti sai an tambayi teku, an tambayi iska, an tambayi ƙasa, sannan a tambayi mutanen da za su kwana a ciki.

Ranar da teku ya shigo gari

Ba za ka san dalilin ƙafafun nan ba sai ka ji abin da ya faru ranar 10 ga Oktoba, 2018. A ranar ne mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Michael ta faɗa wa wannan gaɓa da iska mai gudun kimanin kilomita 260 a awa, wato mataki na biyar, wanda babu na sama da shi a ma'auninsu. Ta turo teku cikin garin Mexico Beach, har ruwan ya kai tsayin ƙafa 14 a wasu wurare. Garin da mutanensa ba su wuce dubu da 'yan kai ba ya wayi gari kufai. Tsofaffin gidajen da aka gina a ƙasa, ruwa ya share su daga kan daɓensu. Na ga wasu daga cikin filayen nan da idona, ba komai a kai sai shimfiɗar siminti da ciyawa, kuma a bakin hanya ga kututturen itatuwa da iska ta karya su daga tsakiya.

A cikin wannan ɓarna akwai gida guda a bakin ruwa da ya tsaya cik, hotonsa ya zaga duniya. Sunansa Sand Palace, an gama shi a 2017. Masu shi sun sa an zana shi don ya jure iska mai gudun mil 250 a awa, fiye da abin da doka ta nema nesa ba kusa ba. An kafa shi a kan turaku masu tsayin ƙafa 40, bangonsa kankare ne da rodi, an ɗaure rufinsa da igiyoyin ƙarfe, an kuma rage bakin kwanon da ke fitowa waje don kada iska ta sami wurin kamawa. Ruwa ya tafi da matakalarsa da bangon ƙasansa, amma da ma don haka aka yi su. Na tsaya a gabansa na daɗe ina kallo. Ba wani ado ne da shi na a zo a gani ba. Darajarsa tana cikin abin da ido ba ya gani.

Mutanen Fulorida da tsada suka sayi wannan ilimi. A watan Agustan 1992 guguwar Andrew ta rushe dubban gidaje a kudancin Miami, aka bincika aka tarar da yawa daga ciki sakacin gini ne ya kayar da su. Daga nan aka yi ta gyara har jihar ta fito da dokar gini guda ta bai ɗaya, wadda ta fara aiki a 2002. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kowace shekara lokacin guguwa ne, kowa ya san da haka, kuma kowane zane da wannan sani ake fara shi.

Bangon da aka gina don ya faɗi

Mai zanen ginin mace ce, dattijuwa, haifaffiyar yankin. A zaman farko ba ta nuna hoton gida ko ɗaya ba. Takardar safiyo ta shimfiɗa, ta ɗora taswirar hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, wadda ta nuna inda ruwa ke iya kaiwa a kowane yanki. Ma'auninsu shi ne ambaliyar da damar aukuwarta ɗaya ce cikin ɗari a kowace shekara. Wuraren da aka yi wa alamar V su ne inda ake tsammanin igiyar ruwa mai tsayin ƙafa 3 ko fiye za ta buga. A irin wannan wuri dole ƙasan gidan ya wuce tsayin da taswira ta yanka. Ban da wannan, jiha tana da nata layin da ta shata a bakin teku, wanda duk mai son gini a gabansa sai ya nemi izini na musamman daga ma'aikatar kare muhalli. Tsayin gidan Kawu da wurin zamansa a cikin fulotin, takardun nan ne suka yanke, tun ba a ja layi ɗaya ba.

Turakun na kankare ne ko na katakon da aka jiƙa da magani, ana buga su da inji can cikin rairayi. Dalilin zurfin shi ne ruwa mai gudu yana rarake yashin da ke gindin ginshiƙi, wanda bai nutsa sosai ba sai ya kwanta. Filin da ke ƙarƙashin gidan kuwa doka ba ta yarda a kwana a ciki ba. Abu uku kawai ake yi da shi: ajiye mota, ajiye tarkace, da hanyar hawa sama.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bangon da ake zagaye wannan fili da shi. A ko'ina yabon magini shi ne bangonsa ya tsaya. A nan kuwa injiniya yana zama ya yi lissafi don bangon ya ɓalle da zarar ruwa ya matsa masa. Hikimar ita ce, in bango ya yi taurin kai, duk ƙarfin igiyar ruwa zai tattaru a kansa ya wuce zuwa ginshiƙai, gida ya tafi gaba ɗaya. In ya saki, ruwa ya ratsa ta ƙasa ya wuce, na sama su tsira. An san ba a ja da teku, sai aka bar masa hanyarsa tun a kan takarda, aka ware masa abin da zai ɗauka.

Sama kuma akasin haka ne, komai a ɗaure yake. Akwai 'yan ƙarafuna da ake ɗaure katakon rufi da bango, a ɗaure bango da daɓen bene, a ɗaure daɓen da ginshiƙi, yadda in iska ta ja kwano sai ta tarar da nauyin gidan duka har zuwa cikin ƙasa. An fi son rufi mai gangara ta fuska huɗu, domin iska ba ta samun faffadan goshin da za ta buga. Tagogin kuma gilashi ne biyu da roba mai ƙarfi a tsakani. Kafin a amince da irinsu sai an harba musu katako mai nauyin kilo 4 da gudun kimanin kilomita 55 a awa. Gilashin zai iya tsagewa, amma ba zai buɗe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: taga ɗaya in ta fashe, iska ta cika ɗaki, ta ciki na turawa ta waje na ja, nan da nan rufi ya tashi.

Akwai kuma maƙiyin da ba ya jiran lokacin guguwa, wato gishiri. Iskar teku ɗauke take da shi dare da rana. Ƙusa ta yau da kullum ba ta daɗewa take yin tsatsa, don haka ƙusoshi da makullai da ƙarafunan baranda duk na ƙarfen da ba ya tsatsa ne. Jikin bangon, wanda daga nesa za ka ɗauka katako ne, allon siminti ne da ba ya ruɓewa, gara ba ta ci. Injin sanyaya ɗaki da akwatin wutar lantarki ma a sama ake ɗora su, inda ruwa ba ya kaiwa.

Sai aka zo kan mutanen gida

Da aka gama da teku, mai zanen ta rufe taswira ta buɗe littafin rubutu. Tambayoyinta ba na siminti ba ne. Wa ke riga kowa tashi? Mutum nawa ke cin abinci tare? Su wa ke zuwa ba sanarwa? Akwai wanda hawa bene ke ba shi wuya? Me ake dafawa, kuma da wane irin mai? Ta fi ba Hajiya lokaci, domin ta lura ita ta san yadda gidan ke juyawa daga asuba zuwa dare.

Al'adar gidajen gaɓar nan ita ce a juya tsari: ɗakunan kwana a bene na farko, falo da kicin da wurin cin abinci a na sama, inda aka fi ganin teku kuma iska ta fi kaɗawa. Salon zamani kuma ya haɗe ukun nan wuri guda ba bango, mai girki tana hira da na falo. A nan Hajiya ta tsaya. Ta dubi Kawu ta ce, "Alhaji, ni ba zan soya manja da daddawa baƙi na zaune suna kallona ba." Mai zanen ba ta yi musu ba. Ta bar buɗaɗɗen kicin don shayi da abin karin safe, ta zana wani a bayansa mai ƙofa, da babban murhu da bututun fitar da hayaƙi. Aka ware ɗakin baƙi maza kusa da bakin matakala, da banɗakinsa, yadda baƙo zai shigo ya zauna ya fita bai ratsa cikin iyali ba. Aka sa lifta saboda tsofaffi da kuma gaba, domin wanda ke hawa da gudu yau wata rana sai an riƙe shi. Jikoki aka yi musu ɗaki guda mai gadaje masu hawa biyu a jikin bango. A ƙasa kuma, kusan kowane gida a gaɓar yana da famfon wanka a waje don wanke yashi kafin a hau. Kawu ya ce a ƙara wurin zama da ƙaramin famfo a gefensa, ya zama wurin alwala.

Maganar ɗakin sallah ta zo da nata abin al'ajabi. Mu mun tashi muna fuskantar gabas, amma a Fulorida alƙibla arewa maso gabas take, saboda duniya a dunƙule take, kuma ta nan ne hanya mafi kusa zuwa Makka ta bi. Tekun kuwa a wannan gari kudu maso yamma yake. Ke nan mai sallah teku yake ba baya. Sai ɗakin ya sami wurinsa a bayan gida, ɓangaren da ya fi shiru, wanda da ma ba a rububinsa. Kawu ya ce da ni, "Ɗana, ka ga yadda Allah ya raba. Gaban gida na kallo, bayansa na ibada."

Fuskantar kudu maso yamma tana da wahalarta, don ranar la'asar tana dukan gilashi kai-tsaye. Maganinta baranda mai zurfi. Amma rufin da ya fito waje da yawa shi iska ke fara ɗagawa. Mai zanen ta shigar da barandar ƙarƙashin babban rufin, ta ɗaure ginshiƙanta har ƙasa, ta sa raga a gefe guda saboda sauro, da fanka a silin. Sai bayan duk wannan aka zo kan launi: farin bango, daɓen katako mai launin rairayi, ɗan shuɗi kaɗan a matasai, fitilu masu saƙaƙƙen murfi, ba tarkacen ado. Dalili shi ne teku ne adon ɗakin, bai kamata wani abu ya yi gasa da shi ba.

Garuruwa biyu da aka zana a takarda

Don Hajiya ta ga misalai da idonta, muka yi yamma zuwa gundumar Walton, kan hanyar da ake kira 30A. Garin farko shi ne Seaside, wanda Robert Davis ya kafa a 1981 a kan eka 80 da ya gada daga kakansa. Masu zane biyu, Andrés Duany da Elizabeth Plater-Zyberk, su suka tsara shi, da nufin mutum ya iya zuwa kanti da gidan waya da bakin ruwa a ƙafa cikin 'yan mintoci. Kowa zai zana gidansa yadda yake so, amma da sharaɗi: baranda a gaba tana kallon titi, rufin kwano, farin shingen katako, kuma a bar tsirran wurin na asali a maimakon shimfiɗa ciyawar ado. Sai gidajen suka fito kowanne da kamanninsa, amma ka san 'yan gari ɗaya ne. Tsarin ya yi kyau har aka ɗauki fim ɗin The Truman Show na 1998 a cikinsa.

Na biyu shi ne Alys Beach, a gabas da shi kaɗan. Nan komai fari ne tas, bango da rufi, har ido na ƙyalli da rana. Ginin bulo da kankare ne, an aro siffar rufin daga tsibirin Bermuda, tsarin cikin kuma daga tsofaffin gidajen Antigua ta ƙasar Guatemala. Daga titi ba ka ganin komai sai bango da ƙofa. Muka shiga ɗaya da aka buɗe wa masu kallo, muka ratsa wani ɗan rufaffen soro, sai ga fili a buɗe, sama a kai, ɗakuna sun kewaye shi, ga itace ga ruwa. Zaure ne da tsakar gida, irin wanda muka tashi a ciki, ga shi masu kuɗin Amurka suna sayensa da miliyoyin daloli, saboda yana ba da sirri da inuwa da iska a lokaci guda. Daga nan Hajiya ta dawo da buƙata ɗaya, aka kuma biya mata: wani fili a saman bene, a gefen gida, mai katanga ta tsayin mutum, inda mata za su sha iska ba mayafi, ba mai ganinsu daga bakin ruwa.

Haƙƙin maƙwabtan da ba sa magana

Akwai waɗanda suka riga kowa zama a wannan gaɓa, kuma doka ta san da su. Tsakanin gidaje da ruwa akwai tuddan rairayi, a kansu wata doguwar ciyawa ce ke riƙe yashin da saiwoyinta. Laifi ne a tsinke ta. Ba a taka tudun da ƙafa, gadar katako ake yi a bi ta sama, domin tuddan nan su ne katangar farko idan teku ya taso.

Sannan ga kunkurun teku. Daga Mayu zuwa Oktoba matan suna fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai wajen ɗari, su rufe su koma. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su nufi inda ya fi haske, wanda a asali shi ne saman ruwa. In fitilar gida ta fi haske sai su juya su nufo tudu, su mutu a hanya. Saboda haka a zanen gidan Kawu fitilun waje duk masu launin ruwan zuma ne, a ƙasa-ƙasa, an kare su daga ɓangaren teku, gilashin da ke kallon ruwa kuma an ɗan duhunta shi. Mutum da kuɗinsa da filinsa, amma an iyakance masa hasken gidansa saboda wata ƙaramar halitta da ba ta cika tafin hannu ba. Wannan ya taɓa zuciyata ƙwarai, domin tausayin dabba abu ne da addininmu ya hore mu da shi, ga shi an mayar da shi sharaɗin izinin gini.

Duk da haka zama a nan ba arha ba ne, kuma ba tabbas ba ne. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi wata daban, akasari daga shirin da gwamnatin tarayya ta kafa a 1968, kuma kuɗin inshora a Fulorida ya yi tsadar da ke korar masu ƙaramin ƙarfi daga garuruwan da aka haife su. Teku kuma yana ƙara hawa a hankali. Mai zanen ta faɗa wa Kawu gaskiya cewa komai ƙarfin gida, in hukuma ta ce a fice, a kulle shi a fice. Ginin don a dawo a tarar da shi ne, ba don a zauna a yi jayayya da guguwa ba.

Hotunan irin waɗannan gidaje suna yawo a wayoyinmu, kuma na ga an fara kwaikwayonsu a Abuja da Kano da Kaduna: bangon gilashi yana kallon ranar yamma, ba baranda, ba inuwa, sai injin sanyi da janareta su yi ta fama. An ɗauko rigar, an bar dalilin. Abin ɗauka daga Fulorida shi ne jerin tambayoyin nan da kuma haƙurin jiran amsarsu. Mu ma muna da namu ruwan. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ya san haka. Duk mai niyyar gini, kafin ya kira birkila, ya nemi dattawan unguwa su nuna masa inda ruwa ya bi a shekarar da damina ta fi ƙarfi, ya duba ta ina rana ke dukan fili da la'asar, ya zauna da uwargida ya ji yadda take son girkinta da baƙinta da 'ya'yanta su kasance. Wannan bai cin ko sisi, kuma shi ne ke raba gidan da za a gada da wanda za a yi kuka a kansa. Allah ya ba kowa muhalli mai albarka, ya tsare mu da sharrin ruwa da iska.